Ziyarar Yara Gona a Ranar Sausayar Tumaki a Ƙasar Ingila

Tumakinmu na nan Arewa, watau 'yanƙasa da uda da balami, gashinsu gajere ne, ba mai ɗaukar almakashi dominsu. A Ingila kuwa, da Ostareliya da Niyu Zilan, yawancin tumaki suna da gashi mai laushi mai kauri wanda ake kira ulu, shi ne ake saƙa barguna da rigunan sanyi da shi. Gashin nan ba ya kakkaɓewa da kansa, sai an aske shi sau ɗaya a shekara, wannan aski shi ake ce wa sausaya. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wa hakimai da malamansu yadda manomin Ingila ke karɓar yara baƙi a ranar sausaya, musamman waɗanda ake koyar da su a gida, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda aka ɗora wa shirya kai yara wurin dabbobi.

Da farko sai a san ko waɗanne yara ne. Dokar ilmi ta Ingila ta shekarar 1944 ta wajabta wa iyaye su ilmantar da 'ya'yansu, ko ta hanyar makaranta ko ta wata hanya dabam, dokar 1996 kuma ta sake tabbatar da haka. Saboda wannan dama waɗansu iyaye ba su sa 'ya'yansu makaranta, su da kansu ke koya musu a gida. A 1977 suka kafa ƙungiya mai suna Education Otherwise don su riƙa taimakon juna. To, irin yaran nan ba su zuwa kamar 'yan aji ɗaya. Za a ga ɗan shekara huɗu, a ga ɗan sha biyar, ga uwaye da goyo, ba kuwa wani babban malami da kowa ke jin maganarsa. Don haka manomi mai hankali ba ya yarda da ziyarar sai iyaye sun zaɓi mutum guda a cikinsu ya zama shugaba, ya aiko da sunayen yara da shekarunsu, a kuma yanke adadin da rumfar aiki za ta ɗauka. Wanda ya ji kunyar ƙayyade adadi, ranar nan zai ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Ana yin sausaya a Ingila daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da zafi ya fara. Tambayar da yara suka fi yi ita ce, ashe ba zalunci ba ne? Sai a gaya musu gaskiya: barin gashin shi ne zaluncin. Tunkiya mai nauyin gashi zafi yana galabaitar da ita, wani irin ƙuda yana yin ƙwai a gashin da kashi ya ɓata, tsutsa ta fito ta ci naman dabbar da ranta, in kuma ta faɗi rigingine sau da yawa ba ta iya tashi. A Niyu Zilan an yi wani rago da aka sa wa suna Shrek, wanda ya ɓuya a duwatsu shekara shida. Da aka kama shi a 2004 aka sausaye shi, sai da gashinsa ya kai kilo 27, alhali tunkiyar Ingila abin da takan bayar a shekara bai fi kilo biyu zuwa uku ba.

Ba a sausayar tunkiya jiƙaƙƙiya, domin ulun da aka ɗaure da laima ruɓewa yake yi. Ƙasar kuwa ta ruwan sama ce, saboda haka dole a faɗa wa iyaye tun da wuri cewa ana iya ɗage ranar. Akan kuma tsare tumakin ba abinci tun daren jiya, don kada cikakken ciki ya wahalar da su sa'ad da aka zaunar da su. Yaro mai tausayi zai so ya miƙa musu ciyawa, sai a hana shi a gaya masa dalili.

Mai sausaya bisa kai ake biyansa, kowace tunkiya da kuɗinta. Bai kamata a tsai da shi da tambayoyi ba. Manomi shi zai tsaya gefe yana bayani, yara na bayan shinge, ƙanana a gaba, manya a baya. Abin da za su gani ya isa kallo. Mutumin yakan zaunar da tunkiya bisa gindinta tsakanin gwiwoyinsa, ba igiya ba mari, sai ta yi laƙwas. Ya fara da gashin ciki ya ware shi gefe, sa'an nan ya bi ƙafar baya da wuya da kafaɗa, ya ja aska mai inji doguwar ja daga gindi har ƙeya, yana miƙe fatar da hannun hagu don kada ta naɗe ya yanke ta. Cikin minti biyu ko uku gashin ya faɗi ɗungum kamar an tuɓe riga. Wannan tsari ana danganta shi ga Godfrey Bowen, mutumin Niyu Zilan, wanda a 1953 ya sausaye tumaki 456 cikin awa tara. Wani lokaci aska takan ɗan taɓa fata jini ya fito. Kada a ɓoye wa yara, a bari su ga an sa magani.

Kallo kaɗai yana gundurar yaro kafin rabin sa'a, a nan ne kuma ake gane manomin da ya yi shiri. Sai a shimfiɗa gashi guda bisa tebur, yara su tsince ƙazantar gefe, su ninke ɓangarorin biyu zuwa tsakiya, su naɗe daga wutsiya zuwa wuya. Hannunsu zai yi maiƙo, wannan man da ke jikin ulu ne, ana tace shi a sa a man shafawa. Manya a ba su sikeli su auna, su rubuta, su lissafa kuɗin gashin su gwada da ladan mai sausaya. Lissafin yana da ɗaci: a 2020 farashin ulu ya faɗi har manoma da yawa ba su sami ko ladan askin ba. Ƙanana kuwa a ba su wankakken ulu su shiɓe, su gwada kaɗi da mazari, kusan irin wanda matanmu ke kaɗin auduga da shi.

Saura magana mafi nauyi, ita ce ta tsabta. A 2009 wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin dabbobi ta kama mutum 93, yawancinsu yara, bayan sun ziyarci wata gonar kallo a lardin Surrey, waɗansu har ƙodarsu ta taɓu. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar nan lafiyarta ƙalau a ido, ba alamar da za a gani. Tun daga sa'an nan aka ƙara tsananta doka. Dole a tanadi ruwa mai gudu da sabulu, babba ya tsaya ya ga kowane yaro ya wanke hannu sosai, domin maganin shafawa a hannu bai wadatar ba. Ba a cin kome a rumfar aiki, ko alewa, wurin cin abinci dabam ne nesa da garke. Ɗan rago mai ƙuraje a baki ba a bari a taɓa shi, don ciwon yana kama hannun mutum. Wannan kashedi ya shafi garken kowace ƙasa, mai ulu da marar ulu, hakimin da aka nemi izninsa a kai ɗalibai ruga ko wurin allurar dabbobi sai ya fara tambayar inda za su wanke hannu.

Garken ma yana da hakki. Baƙi suna iya kawo ciwo a takalmi, mutanen Ingila kuwa ba su manta da 2001 ba, shekarar da ciwon baki da kofato ya sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida. Saboda haka ana ajiye daro na ruwan magani da buroshi a ƙofar gona, kowa ya wanke takalminsa da shiga da fita. Kafin a sallami baƙi, manomi ya riƙe takardar sunayensu, ya kuma gaya wa iyaye cewa yaron da ya yi gudawa ko amai cikin mako biyu a kai shi wurin likita ba jinkiri, a faɗa masa ranar da yaron ya je gona da dabbobin da ya taɓa.