Darasin Kimiyya: Yadda Ƙwayar Ƙanjamau Ke Shiga Sojojin Jiki

Ya ku ɗalibai, ku sani a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, waɗanda muke ce wa sojojin jiki. Daga cikinsu akwai masu ɗauke da alamar CD4, su ne ke bai wa sauran umarni. Su ƙwayar ƙanjamau ke nema.

To yaya take shiga? Ku ɗauki misalin ƙofar wata masana'antar jima a Challawa, mai kwaɗo biyu. Ɓarawo ko ya buɗe ɗaya, ba ya shiga sai ya buɗe na biyu. Kwaɗo na farko shi ne CD4, na biyu kuwa CCR5, wanda masana suka gano aikinsa a 1996.

Birai ne suka ƙara fahimtar da mu wannan. Suna da irin tasu ƙwayar, ana ce mata SIV. A 1985 aka gano ta a jikin biran Asiya da ake bincike da su a Amurka, tana kashe su. Amma biran Afirka, kamar mangabe na Afirka ta Yamma da tantalus da ake samu a dazukan ƙasarmu, suna ɗauke da ita ba ta kayar da su. Me ya sa? Mangabe yana da ƙarancin kwaɗo na biyu a kan muhimman sojojinsa. Dangin tantalus kuwa, da yawa daga sojojinsu kan ɓoye kwaɗo na farko. Sannan jikinsu ba ya dawwama cikin yaƙi.

Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau. Sojan da aka tayar don yaƙi shi ne ƙwayar ta fi samun sauƙin hayayyafa a cikinsa. Shi ya sa ciwon sanyi ko gyambon al'aura da ba a yi wa magani ba yake sauƙaƙa kamuwa, tarin fuka kuma yake hanzarta cutar.

Mu ba mu da wannan kariya ta birai. Kariyarmu ita ce kamun kai, da gwaji, da shan magani ga wanda ya kamu. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Kada a ɗauke ta abin kunya, kada kuma a ƙyamaci mai cutar.

Tambayoyi:
1. Faɗi kwaɗo biyun da ƙwayar ke buƙata.
2. Me ya sa mangabe ba ya kwanta ciwo?