Sudoku Mai Tsauri: Yadda Ake Warware Shi Da Dabarar Sarƙa

Matasa da yawa sun ajiye Sudoku a wayoyinsu domin yawancin manhajojinsa ba sa cin data. Mai jiran mota a tashar Tambuwal ko mai zaman majalisa a Sanyinna zai iya buga shi ko babu sabis. Matsalar takan zo ne a mataki mafi wuya, inda duk dabarun da aka saba da su suke ƙarewa, sai mutum ya koma cinke. Wannan darasi zai nuna hanyar da ta fi cinke, wato dabarar sarƙa.

Jera lambobi a gidaje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1732 malamin Katsina Muhammad al-Kishnawi ya yi rubutu kan hatimin lissafi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Sudoku kuwa ya fara fitowa a Amurka a 1979, ya samu sunansa a Japan, ya bazu a duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004. Babu tarawa ko ɗebewa a cikinsa: lamba 1 zuwa 9 kada ta maimaitu a layin kwance, layin tsaye ko akwati. Wasan da aka tsara da kyau amsa ɗaya tak yake da ita.

Shiri kafin farawa

Mai wasa zai danna alamar fensir da ke manhajar, ya rubuta duk lambobin da za su iya shiga kowane gida. Su ne 'yan takara. Idan aka manta da ɗaya, sarƙar za ta ba da amsar ƙarya. A nan K na nufin layin kwance, T layin tsaye, don haka K1T2 shi ne gidan da kwance na 1 ya haɗu da tsaye na 2. Gidaje biyu suna "ganin juna" idan suna layi ɗaya ko akwati ɗaya.

Ƙulli iri biyu

Ƙulli mai ƙarfi yana cewa: idan wannan bai zama ba, dole wancan ya zama. Ana samun sa a gidan da ke da 'yan takara biyu kacal, ko a layin da wata lamba ke da mazauni biyu kacal.

Ƙulli mai rauni yana cewa: idan wannan ya zama, wancan ba zai zama ba. Misalinsa lamba ɗaya a gidaje biyu masu ganin juna.

Sarƙa tana farawa da mai ƙarfi, sai mai rauni, sai mai ƙarfi, a haka har ta ƙare da mai ƙarfi. Sakamakonta shi ne: aƙalla ɗaya daga bakinta biyu gaskiya ne.

Misali na farko: sarƙar X, lamba ɗaya

A ce a tsaye na 1, lamba 4 na iya zama a K2 ko K8 kawai. A tsaye na 6 kuma, K3 ko K8 kawai. Idan K2T1 ba 4 ba ne, to K8T1 ne 4. Hakan ya hana K8T6 zama 4 tunda layinsu ɗaya, don haka K3T6 ne 4. Ke nan 4 na K2T1 ko K3T6. Duk gidan da ke ganin su biyun ba zai ɗauki 4 ba. Sai a goge ta daga K2T4, K2T5, K3T2 da K3T3.

Misali na biyu: sarƙar XY, gidaje masu 'yan takara biyu

A ce akwai waɗannan gidaje:

K1T2: 3 ko 7
K1T8: 3 ko 5
K6T8: 5 ko 9
K6T4: 7 ko 9

Idan K1T2 ba 7 ba ne, 3 ne. To K1T8 ya zama 5, K6T8 ya zama 9, K6T4 ya zama 7. Saboda haka 7 na K1T2 ko K6T4. Gidajen da ke ganin su biyun su ne K1T4 da K6T2, sai a goge 7 daga cikinsu. Idan K1T4 dama 7 da 8 ne a ciki, ya tabbata 8, kuma sau da yawa lamba ɗaya irin wannan ce ke buɗe sauran wasan.

Kurakuran da ke rusa sarƙa

Na farko, ɗaukar ƙulli mai rauni a matsayin mai ƙarfi. Idan lamba na da mazauni uku a layi, rashinta a ɗaya bai nuna inda take ba. Mai ƙarfi tsakanin gidaje masu ganin juna zai iya tsayawa a gurbin mai rauni, amma mai rauni ba ya maye gurbin mai ƙarfi.

Na biyu, gaggawar rubuta lamba a bakin sarƙa. Bakin biyu za su iya zama gaskiya tare, don haka aikin sarƙa goge ɗan takara ne kawai.

Na uku, barin manhaja tana nuna kuskure nan take. Wannan yana koya wa hannu cinke. Gara a kashe shi a saituna, a bar haskaka lambobi iri ɗaya a kunne, domin shi ke fito da layukan da lamba ke da mazauni biyu. Mai koyo ya fara da sarƙa mai gida huɗu, sai idonsa ya saba sannan ya nemi doguwa.