Gidan Drayton: Yadda Katako Ya Bayyana Shekarun Gini

A bakin kogin Ashley, kusa da birnin Charleston na ƙasar Amurka, akwai wani katafaren gida na jan bulo mai suna Drayton Hall. A shekarar 1738 ne John Drayton ya sayi filin, lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Dukiyar da ta gina gidan kuwa daga gumin bayi 'yan asalin Afirka ta fito, waɗanda suka yi ta noman shinkafa da baba a gonakin iyalin.

An daɗe ana ɗauka cewa an kammala ginin a 1742, sai kimiyya ta zo ta gyara wannan kuskure. Kowace shekara bishiya kan ƙara zobe guda a cikin kututturenta: mai kauri a shekarar wadataccen ruwa, siriri a shekarar fari. Masana kan huda katakon gini su zaro ɗan tsinke, su auna zobban, sannan su gwada jerinsu da na itatuwan yankin da aka riga aka san shekarunsu. Da aka yi wa katakon rufin gidan wannan awo a 2014, sai aka gano an sare itatuwan ne a hunturun 1747 zuwa 1748. Ke nan ba a shiga gidan ba sai bayan 1750.

Gidan ya tsallake yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da girgizar ƙasa ta 1886. A 1974 ƙungiyar National Trust ta saye shi daga zuriyar Drayton, ta kuma yanke shawarar a adana shi yadda aka same shi, maimakon a mayar da shi sabo. Ba a sa masa wutar lantarki ko famfo ba. Tsohon fentin bangon ma ba a kankare shi ba, domin idan aka duba ɓarɓashinsa da madubin ƙara girma, ana ganin launukan zamani daban-daban, wani bisa wani.

A harabar akwai maƙabartar baƙar fata da ta faro tun wajejen 1790, inda bayi da jikokinsu ke kwance. Dalilin taka-tsantsan ɗin ke nan: mafi yawan waɗanda suka yi wahalar gidan ba su bar rubutu ba, shaidarsu tana cikin bulo, katako da ƙasa. Gyaran da ya shafe waɗannan, ya shafe su ke nan karo na biyu.