Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Za Mu Sa Yaranmu Su So Kimiyya?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga Malam Habibu a garin Turawa, ƙaramar hukumar Karaye. Yana cewa yaran garinsu suna gudun lissafi da kimiyya, wace dabara za a yi su so su?

To, Malam Habibu, mun gode, Allah ya saka da alheri. Yaro ba ya son abin da bai gani da idonsa ba, kuma ku Allah ya ajiye muku kimiyya a ƙofar gida. Ga Dam ɗin Challawa nan kusa da ku. Ku roƙi malaman makaranta su kai ɗalibai bakin dam ɗin, a nuna musu yadda aka tare ruwa da yadda ake sakinsa. Injin ban-ruwa na masu noman rani kimiyya ce. Farantin sola da ake cajin waya da shi kimiyya ce. Idan injin ya lalace, a bar yaro ya tsaya kusa da bakanike, ya yi ta tambaya, kada a kore shi.

Sannan a sanar da yaran cewa akwai hanya a gaba. Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil.

Don Allah, Malam, kada a bar 'yan mata a baya. Asibitocinmu na karkara suna matuƙar buƙatar likitoci mata.