Shin ya dace a ɗaga tsohuwar mota da dogon sifirin?

Wani direba mai sauraronmu daga Funtua ya aiko da tambaya cewa Peugeot 504 ɗinsa ta zauna, gindinta na bugun ƙasa a hanyar ƙauye, shin ya sa mata sifirin da ya fi na kamfani tsawo?

Malam direba, mun gode. Shawararmu ita ce ka maido da ita tsayinta na asali. Wannan mota da a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, tun farko da tsayin da zai iya da hanyoyinmu ta fito. Idan ta zauna, sifirin ne ya gaji da kaya da shekaru, maganinsa kuwa sabon sifirin daidai da na kamfani. Dogon sifirin yana ɗaga nauyin mota sama, sai ta riƙa karkata a kwana. Yana miƙar da shakazoba har ƙarshe, ya ja tiyon birki, taya kuma ta riƙa cinyewa ta gefe guda.

Za ka ce ramukan damina ba su san ma'aunin kamfani ba, kuma kana ɗaukar buhunan masara. Gaskiya ne, ɗan ƙari kaɗan ba laifi, amma da sharaɗi. A canza sifirin biyu-biyu, hagu da dama tare, a sa shakazoba da ta dace da su, a duba tiyon birki, sannan bakanike ya sake saita tayoyin gaba da fitilu. Sifirin da aka yanke ko aka yi wa walda kuwa, kada ka yarda a ɗaura maka shi, domin yana iya karyewa kana cikin gudu.