Ka Faɗa wa Kwamfutarka Inda Za Ta Ajiye Kaya

Mai shagon buga takardu kusa da Kwalejin Ilimi ta Gumel da mai tura fina-finai a waya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ciwonsu ɗaya: kwamfuta ta yi nauyi, layin faifan C ya yi ja, alhali D na nan fayau. Dalili kuwa, Windows ba ta neman inda wuri yake. Abin da ka sauke da wanda ka adana duk C take kai su, sai in kai ka canja mata.

Manyan kwamfutocin IBM masu manhajar z/OS, waɗanda manyan bankunan duniya ke aiki da su, ba haka suke yi ba. Mai kula da ma'ajiya yana rubuta ƙa'ida tun fayil bai zo ba: irin wannan fayil rukunin faifai kaza za shi, yadda manomin Gagarawa ba ya zuba riɗi a rumbun gero. Da sabon fayil ya zo, sashen z/OS mai suna DFSMS sai ya tace faya-fayan rukunin. Wanda ke kunne, yake da saurin da ake so, kuma ba zai haura iyakar cikar da aka yanka masa ba, shi ne a sahun farko. Wanda zai haura sai ya koma sahu na biyu, in an rasa a waiwaye shi. Har akwai faifan da ake rufe wa ƙofa: a karanta abin da ke ciki, amma ba a ƙara masa sabo.

Wannan iyakar ita na fi so ka ɗauka. Yanka wa C tata, a ganina kashi 80 cikin 100, kada ka jira jan layi. Windows na buƙatar sarari don sabunta kanta, kuma faifan SSD yana rage gudu idan ya cika maƙil.

Sai ƙa'ida. A Windows 10 shiga Settings, sai System, sai Storage, ka nemi wurin da ake canja inda sabon kaya ke sauka, ka mai da takardu, hotuna da bidiyo D. A burauza ma ka canja inda abin da aka sauke yake zuwa, don nan ne fina-finai ke taruwa. Ka tabbatar yaron shago ya san wannan doka, in ba haka ba gobe ka tarar da komai a fuskar allo, wadda ita ma cikin C take.

Tsohon faifan da ya fara ƙara ko jinkiri, rufe masa ƙofa, ka kwashe kayansa tun yau.

Kuma ka duba da kyau: a kwamfutocin hannu da yawa C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu. In ya mutu, tare za su tafi. Aikin kammala karatu da ɗaliba ta kawo maka daga Sule Tankarkar, ka yi masa kwafi a faifan waje, ka cire shi daga jikin kwamfutar kafin ka rufe shago.