Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Injin Yankan Itace

Darasin filin kimiyya da fasaha na wannan karon a kan injin yankan itace ne, wato zarton nan mai sarƙa da ake riƙewa hannu bibbiyu, wanda ƙararsa kan cika unguwa duk ranar da za a sare wata bishiya. Sau da yawa akan tarar da irinsa a yashe a lungun shagon bakanike, ƙura ta lulluɓe shi, a ce ya mutu. Da yawansu ba su mutu ba. Ajiya da tsohon fetur a ciki ce ta kwantar da su, kuma wanda ya san inda zai fara dubawa yana iya ta da su da kuɗi kaɗan.

Injin ya kusa shekara ɗari a duniya. Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, sai Emil Lerp, shi ma Bajamushe, ya fito da mai shan fetur a 1927. Na farkon nan sai mutum biyu ke iya ɗaukarsu saboda nauyi. Haƙoran sarƙar da ake amfani da su yanzu kuwa, wani mai sare itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ya tsara su, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke gaigayar kututture. Ya fara sayar da sarƙarsa a 1947. A cikin tsofaffin injuna, wanda ya fi suna wajen masu tsaga katako a Najeriya shi ne Stihl 070, wanda ya fito a 1968. Ƙato ne mai nauyi, kuma ƙirarsa mai sauƙi ce ƙwarai, shi ya sa har yau ake gyara shi ana mora. Da shi za mu riƙa misali.

Kafin a taɓa sifana, sai a fahimci irin injin. Ɗan gida ɗaya ne da ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur gauraye da mai, da kuma tsofaffin baburan Yamaha masu hayaƙi. Fistin ya hau sau ɗaya ya sauko sau ɗaya, aiki ya kammala. Ba shi da wani tanki na baƙin mai a ƙasansa kamar mota. Ɗan man da aka gauraya a cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da ringi da boris. Ku riƙe wannan da kyau, domin kusan duk wata babbar ɓarna da ke samun injin daga nan take tasowa: duk abin da ya rage fetur ɗin da ke shiga, ya rage man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Abu uku inji ke bukata kafin ya tashi: matsin iska a cikin silinda, da tartsatsin wuta, da fetur. Gwanin bakanike da matsin yake farawa, saboda shi ne mai tsadar gyara. Gwajin ba ya bukatar wani kayan aiki. A kama mariƙin igiyar tayarwa a ɗaga injin da shi. Idan ya tsaya cak, ko ya riƙa sauka a hankali yana tirjewa, da sauran ƙarfinsa. Idan ya zube ƙasa suuu, matsin ya tafi. Daga nan sai a kwance salansa a leƙa ta ƙofar hayaƙi da tocila, za a hango gefen fistin. Mai lafiya sumul yake. Wanda ya taɓa cin wuta za a ga zane-zane a tsaye a jikinsa kamar an karce shi da ƙusa. In an ga haka, to a zauna a yi lissafi, don fistin da ringi, wani lokaci har da silinda, duk sai an sake su. Wanda ya fara da sayen fenti da sabuwar sarƙa kafin ya leƙa wannan rami, ya yi gini a kan toka.

Maganar wuta ba ta da tsawo. A cire fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina shi da jikin silinda nesa da ramin da ya fito, a ja igiya. Ana son a ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Tazarar bakin fulogin rabin milimita ce. Idan babu wuta, a fara zargin fulogin kansa da wayar makashi, kafin a kai ga kwayil. Tsofaffin injuna suna da wasu 'yan ƙarafa biyu a bayan fankar inji masu buɗewa da rufewa su tsinke lantarki a kan lokaci. Sukan yi tsatsa, kuma sau da yawa goge su kawai ya isa.

Inda aka fi daɗewa shi ne wajen fetur. Kafireton babur yana da ɗan kofi da fetur ke taruwa a ciki, shi ya sa idan babur ya faɗi mai ke tsiyaya. Injin yankan itace kuwa dole ya yi aiki a tsaye, a karkace, ko a kife. Don haka aka sa masa wani irin kafireto dabam, mai 'yan fallayen roba sirara kamar fatar ganga. Hawa da saukar fistin na sa iska ta riƙa bugun fallen farko, shi kuma ya zuƙo fetur daga tanki, na biyun ya auna yawan da zai shiga. Idan aka ajiye inji da fetur a ciki na watanni, sassan fetur masu saurin tashi sukan bi iska, a bar wani danƙo mai kama da ƙaro, ya toshe ƙananan ramuka, fallayen nan kuma su bushe su yi tauri. Tiyon da ke cikin tanki shi ma yakan tsattsage ko ya narke.

Gyaran sai da natsuwa. A shimfiɗa farin ƙyalle, a kwance kafireton a jera sassansa bi da bi yadda suka fito, in akwai waya a ɗauki hoto a kowane mataki, domin fallen roba da gasket ɗinsa idan aka juya tsarinsu injin ba zai tashi ba. A wanke, a hura ramukan da iska. Kada a zura musu allura ko waya, an auna faɗinsu ne daidai, ƙara su ko da ɗan kaɗan ɓarna ce. Sai a sa sababbin fallaye da sabon tiyo da matatar mai. A gefen kafireton akwai sukurori biyu masu alamar L da H. Na farko na daidaita fetur idan inji na tafiya a hankali, na biyu idan an ba shi wuta sosai. Akan ɗaure su a hankali har su taɓa ƙarshe, sannan a warware kowanne kamar zagaye ɗaya, daga nan a daidaita da kunne.

A nan ne masu karambani kan kashe inji. Idan aka matse sukurin H, injin zai yi wani siririn kuka mai daɗin ji, gudunsa ya ƙaru, mai shi ya ɗauka ya samu ƙarfi. Alhali yunwar mai yake ji, zafi na hawa, kuma ba da jimawa ba fistin zai liƙe. Haka ma idan iska na satar hanya ta oyilsil ɗin da suka tsufa. Alamarta ita ce inji ya ƙi zama a gudu ɗaya, ko ya canja murya da an karkata shi. Duk wanda ya sa sabon fistin bai nemo abin da ya kashe na farkon ba, zai sake sayen wani.

Batun gauraya kuwa lissafi ne na aji ɗaya. Injunan zamani da man da aka yi dominsu, kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Tsofaffi da yawa an rubuta musu 25 da 1, mililita 200 ke nan a lita 5. A auna, kada a yi da ka. Man da ke shafe sarƙa tankinsa dabam, kuma baƙin man da aka juye daga mota bai dace da shi ba, ko da yake mutane na yi, don cike yake da garin ƙarfe mai cinye famfon.

Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya. In ka ga gari kamar dusa, ta dakushe. Da zagayayyen magagari ake wasa ta, haƙori bayan haƙori, a kusurwar digiri 30 don yankan kututture, ko wajen digiri 10 don tsaga katako a tsawonsa. Gangar jikin injin kuma, 'yan ajin kimiyya za su so jin wannan, yawanci da gaurayen maganiziyam aka yi ta don ta yi sauƙin ɗauka. Ƙarfen nan ne da malamin kemistiri ke ƙona ɗan zirinsa ya ba da farin haske mai kashe ido. Saboda haka ba a kai tsagaggen bodi wurin kowane mai walda, kuma garinsa idan ya kama wuta ba a zuba masa ruwa, sai busasshen yashi. A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin injunan nan su mayar musu da fentinsu na asali don sha'awa. Mu nan aiki ake nema da su, fenti na iya jira.

Akwai abin da gyara ba ya kawarwa. Idan saman hancin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai ya taɓa itace, injin kan yi tsalle ya dawo wa mai riƙe da shi a fuska, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai a shekarun 1970 aka fara sa birkin da ke tsayar da sarƙa idan haka ta faru, kuma 070 da tsararrakinsa ba su da shi. Don haka mu ɗalibai, namu shi ne wanki da kwancewa da ɗaurawa a gaban babba, bayan an cire sarƙa an zare hular fulogi. Tayarwa da yanka aikin wanda ya ƙware ne, shi ma da takalmi mai kauri da tabarau da abin toshe kunne. Bishiyar da za a gwada shi a kai kuma ta zama busasshen kututturen da ya riga ya faɗi, domin ɗanyar bishiya a ƙasarmu da hamada ke matsowa ba ta gwaji ba ce, kuma sai da izinin hukumar gandun daji ake taɓa ta.

Idan an gama aiki za a ajiye injin fiye da wata guda, a juye fetur ɗin tanki, a tayar da shi ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa. A sassauta sarƙa, a kakkaɓe garin katako, sannan a ɗora shi a kan katako a wuri busasshe, kada a bar shi a kan siminti mai laima, don danshi na cin maganiziyam.